Na'a-na'a a Tsakar Gida: Shukarta da Amfaninta

Ɗan'uwa, ka san ƙamshin nan da ke tashi idan mai shayi ya jefa ganyen na'a-na'a cikin buta. Mutane da yawa suna sayen ɗan ƙulli a kasuwa, kafin su kai gida ya yi yaushi, washegari ya yi baƙi. Alhali kuwa wannan ganye yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin shukawa. Ba ya bukatar gona, ba ya bukatar kuɗin iri. Tsohon daro ɗaya da ɗan ruwa kullum sun isa su ba gidanka ganye shekara da shekaru, domin na'a-na'a ba ta mutuwa bayan girbi kamar gero ko wake. Kana yanka, tana sake toho.

A wannan ɗan littafi za mu nuna maka yadda ake dasa ta da yadda ake kula da ita a ƙasarmu mai zafi. Za mu kuma gaya maka abin da take yi wa jiki, da inda ƙarfinta ya tsaya. Idan ka iya karatu, ka karanta wa mutanen gidanka, musamman mata masu goyo, saboda akwai maganar da ta shafe su a gaba.

Ka fara gane ta

Ka ɗauki reshe ɗaya ka murza shi tsakanin yatsunka. Za ka ji karan yana da kusurwa huɗu. Ganyen kuma suna fitowa bibbiyu, ɗaya na kallon ɗaya. Wannan ita ce alamar danginta. Daɗɗoya ma haka take, domin 'yan gida ɗaya ne. Ƙamshin yana fitowa daga wani mai da ke cikin 'yan ƙananan ƙuraje a jikin ganyen, waɗanda ido ba ya gani sosai. Shi ya sa sai ka murza ganye ko ka zuba masa ruwan zafi ƙamshin yake tashi da ƙarfi.

Sunan ya zo mana daga Larabci. Irin da aka fi sawa a shayi, tun daga Maroko har ƙasarmu, shi ne mai ɗan zaƙi wanda ba ya yaji a baki. Akwai wani iri mai ƙarfi, wanda ke sa baki ya yi sanyi kamar ka sha iska. Daga man irin wannan ne ake samun sinadarin mentol, wanda ake sawa a man goge baki, da alewar tari, da man shafawa na mura. Wannan iri na biyu ba ya yin 'ya'ya masu tsira. Na farkon yana yi, amma abin da zai fito daga iri sau da yawa ba ya kama da uwarsa a ƙamshi. Saboda haka kada ka wahalar da kanka da neman iri. Reshe ake dasawa.

Samun dashe

Hanya mafi sauri ita ce ka je wurin mai garka ko maƙwabcin da ke da ita, ka roƙi ɗan tsiro da saiwarsa. Ba wanda zai hana ka, domin na'a-na'a tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, kullum tana neman fita daga inda aka ajiye ta. Idan ya tona gefen kwami zai ciro wasu fararen jijiyoyi masu gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa tana iya zama sabon tsiro.

Idan babu mai ita kusa da kai, ƙullin kasuwa ma ya isa, muddin ɗanye ne na ranar. Ka zaɓi rassa masu ƙarfi, tsawon tafin hannu. Ka cire ganyen ƙasa, ka bar huɗu ko shida a sama. Ka yanke gindin da reza mai tsabta, daidai ƙarƙashin gaɓa. Sai ka tsoma su a kofi mai ruwa, ka ajiye a inuwa inda akwai haske. Ka riƙa canja ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga fararen saiwoyi sun fito daga gaɓoɓin. Idan sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu, lokacin dashe ya yi. Ka tsoma rassa biyar ko shida, domin ba duka ne za su kama ba.

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon ɗari, daga Nuwamba zuwa Janairu, wato lokacin da masu garka ke dashen albasa da salati. Asalin na'a-na'a ganyen wurare masu sanyi da laima ne, kuma a ɗari take jin daɗin ƙasarmu. Farkon damina ma yana yi. Wanda ya dasa a Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yawanci asara zai yi, sai ya ce ganyen ba ya yi a garinsu.

Inda za ka sa ta

Muna ba ka shawara ka dasa a cikin wani mazubi. Tsohon daro, ko randar da ta tsage, ko bidon mai da aka yanke, ko buhun da aka naɗe bakinsa, duk suna yi. Zurfin ya kai taƙi ɗaya ko fiye. Amfanin mazubi biyu ne. Ruwa kaɗan yake ci, kuma idan bazara ta zo kana iya jan shi zuwa inuwa. Idan a garka ka dasa, ka ware mata kwaminta ita kaɗai, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ka same ta a cikin albasa da tumatir tana ƙwace musu ruwa.

Abu ɗaya dai: kada ka yi amfani da galan ko gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki, ko da an wanke shi. Wanki ba ya fitar da gubar duka, kuma wannan ganye ne da za ka jefa cikin abin sha.

Ka huda gindin mazubin wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa fita. Ka zuba 'yan tsakuwa ko fasassun kasko a ƙasa. Sai ka haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Takin awaki, tumaki ko shanu duk yana yi, amma ya zama tsoho wanda ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙasar jigawa zalla ba ta riƙe ruwa, laka zalla kuma tana shaƙe saiwa, shi ya sa takin yake da muhimmanci. Ƙasar da aka ɗebo kusa da masai ko inda yara ke bayan gida, kada ta shiga, domin a nan ƙwan tsutsar ciki yake.

Wurin da ya fi dacewa shi ne inda rana ke taɓawa da safe, inuwa ta rufe daga azahar: gabas da ɗaki, ko gefen rumfa, ko gefen inuwar dogon yaro. A cikin duhun inuwa za ta yi dogon kara marar ganye, ƙamshin kuma ya ragu. A tsakiyar rana kuwa bakin ganyen zai ƙone.

Ka yi dashen da yamma. Tsiro uku sun isa daro ɗaya. A kwami kuma ka bar taƙi ɗaya da rabi tsakanin tsiro da tsiro. Za ka ga kamar wurin ya yi fili, amma ka ba ta wata biyu. Ka danna ƙasa a hankali kewaye da gindin, ka ba da ruwa sosai, ka kare su daga rana na kwana uku ko huɗu da tsohuwar tabarma.

Awaki da kaji su ne abokan gaba na farko. Kaji suna tone saiwa, akuya kuma a bazara ba ta barin kowane ɗanyen ganye. Ka kewaye wurin da ƙaya ko karan dawa, ko ka ɗora daron a kan bulo. A nan sai mun yi wata magana, domin muna ganin abin a ƙauyuka: gidan sauron da aka raba don ku kwana a ciki, kada a mai da shi shingen garka. An jiƙa shi da maganin sauro, kuma yaron da ya kwana babu shi yana cikin haɗarin da ya fi asarar ganye nesa ba kusa ba.

Ban ruwa

Na'a-na'a tana son ƙasa mai laima kullum, amma ba ta son zama cikin taɓo. Ka tura yatsa cikin ƙasa. Idan ka ji sanyi da danshi, ka bar ta. Idan ka ji bushewa, ka ba ta. A ɗari sau ɗaya a rana ya isa. A bazara safe da yamma. A damina sau da yawa ba sai ka ba ta komai ba, sai dai ka duba hudojin gindi kada su toshe.

Mun san ruwa yana da wuya a wurare da yawa, kuma mata ne ke ɗauko shi a ka. Daro ɗaya ba ya cin fiye da moɗa biyu ko uku a rana. Ruwan wankin gero ko shinkafa yana yi. Wasu suna ajiye daron inda ake wanke hannu da fuska, ko kusa da randa inda ruwa ke ɗiga, sai ya sha ba tare da an ware masa ba. Idan ka rufe ƙasar da ɗan ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, laima za ta daɗe, amma ka riƙa ɗagawa kana dubawa saboda gara.

Ruwan da ba a so shi ne na kwata, da na wankin kayan jariri, da mai omo da yawa. Omo yana kashe tsiron a hankali. Ruwan kwata kuwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin zawo, da taifot, da kwalara, su manne a ganye. Idan ruwan rijiyarku mai gishiri ne ko mai kanwa, za ka ga farin abu a saman ƙasa, bakin ganye yana bushewa. Sai ka riƙa zuba ruwa da yawa sau ɗaya a mako har ya zubo ta ƙasa, ya wanke gishirin.

Kada ka bar ruwa ya kwanta a faranti ko rami ƙarƙashin daron. A lokacin zafi, ƙwan sauro yana zama sauro mai tashi cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana goma. Haka ma gwangwanin da kake ajiye ruwan ban ruwa: ka rufe shi, ko ka juye shi duk bayan 'yan kwanaki.

Yanka da ajiya

Bayan mako shida zuwa takwas, idan tsiron ya kai taƙi ɗaya, ka fara yanka. Kada ka riƙa tsinkar ganye ɗaiɗai daga ƙasa kana barin dogon kara tsirara. Ka yanke kan reshen, daidai saman inda ganye biyu suka fito. Daga wurin rassa biyu za su fito a madadin ɗaya. Yawan yanka shi ke sa ta cika daro. Idan ka ga tana shirin fure ka tsinke kan, domin bayan fure ganyen yana ƙanƙancewa. Da safe, kafin rana ta yi zafi, ƙamshin ya fi ƙarfi.

Idan ganye ya yi yawa, ka shanya shi a inuwa, a cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, a kan faifai, ka rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Rana tana kwashe ƙamshin. A lokacin hunturu kwana uku ko huɗu sun isa. Idan ya bushe har yana karyewa, ka zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi. Wanda zai kai kasuwa ko wurin masu shayi kuma, ya yanka da asuba, ya naɗe ƙullin a jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta.

Bayan shekara ɗaya za ka ga tsakiyar daron ta yi fili, ganyen sun ƙanƙance, sai gefe kawai ke toho. Saiwa ce ta cika mazubin, abinci ya ƙare. Ka juye daron, ka yanka dunƙulen gida huɗu da wuƙa, ka zubar da tsohuwar tsakiyar, ka sake dasa na gefen a sabuwar ƙasa da taki. Sauran ka ba maƙwabta. Idan taka ta mutu a wata bazara, a wurinsu za ka samo.

Ƙwari ba su cika damunta ba. A lokacin zafi da bushewa wasu ƙananan ƙwari suna taruwa a bayan ganye, wani lokaci da 'yar yana kamar ta gizo-gizo, ganyen ya yi ɗige-ɗigen fari. Ka wanke bayan ganyen da ruwa kwana uku a jere. Idan abin ya yi yawa, ko ka ga ɗige-ɗige masu launin tsatsa, ka yanke tsiron duka har ƙasa, ka ƙone abin da ka yanke, ka ci gaba da ban ruwa. Sabon toho zai fito. Kada ka fesa mata maganin feshin wake ko na auduga. Ana yawan yankan na'a-na'a, babu lokacin da gubar za ta gushe kafin ta shiga buta.

Abin da take yi wa jiki

Ka wanke ganyen da ruwa mai tsabta kafin amfani. Ka sa ganye kamar goma a kofi, ka zuba tafasasshen ruwa, ka rufe na minti biyar zuwa goma. Rufewar tana hana ƙamshin tafiya da tururi.

Man da ke cikin ganyen yana sassauta naman hanji. Shi ya sa mutum yakan ji sauƙi idan ya sha bayan cin abinci mai nauyi, ko ciki ya kumbura da iska, ko zuciya tana ɗan tashi. Likitoci ma suna ba da man na'a-na'a a cikin ƙwaya ga wasu masu murɗar ciki. Ga mai mura, ɗumin ruwan da ƙamshin suna sa ya ji hanci ya buɗe, ko da yake murar sai ta yi kwanakinta. Marar lafiyan da bakinsa ya yi ɗaci yakan iya shan ruwa da yawa idan an sa masa ganyen, kuma wannan taimako ne na gaske.

Amma wannan sassautawar tana taɓa bakin tumbi ma. Mai ƙwannafi, wanda ruwan tsami ke hawo masa ƙirji, na'a-na'a tana iya ƙara masa ciwon. Idan ka lura haka take yi maka, ka bar ta.

Sai maganar sukari. Shayinmu zagaye uku ne, kowane zagaye da sukarinsa, wani kuma yana zama a majalisar shayi sau biyu ko uku a rana. Mai ciwon sukari ya sani cewa ganyen na'a-na'a ba ya rage ƙarfin sukarin da ke cikin kofin. Ya sha ruwan ganyen zalla, zai ji yana da daɗinsa ko babu zaƙi. Haka kuma shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda da shi ake yin jini, kuma ruwan na'a-na'a ma yana yin haka. Mace mai ciki, da duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, su bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kada kuma su haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shi. Ɗan ganye a shayi ba ya cutar da mai ciki. Man na'a-na'a na kwalba kuwa yana da ƙarfi ƙwarai, kada ta sha shi.

Ke uwa, wannan naki ne

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ake ba shi. Ba a ba shi ruwan na'a-na'a, ko jiƙo, ko ruwa zalla, ko da yana kukan ciki, ko da ana zafi. Nono yana da ruwan da yake bukata. Duk abin da aka ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, yana kuma iya kawo masa zawo. Idan kaka ko uwar miji ta ce a ba shi, ki nuna mata wannan shafi, ko ku zo tare ranar awo a yi mata bayani.

Man shafawa mai mentol, irin wanda manya ke shafawa idan suna mura, kada ki sa shi a hanci ko fuskar jariri ko ƙaramin yaro. Yana iya toshe masa numfashi. Kada kuma a yi wa yaro sirace da tafasasshen ruwa. Tukunya tana kifewa, kuma ƙunar ruwan zafi a jikin yaro tana daɗewa ba ta warke ba.

Na'a-na'a ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A kowace damina ana kawo mana yaran da aka yi kwana uku ko huɗu ana ba su ganye iri-iri a gida. Jiki ya ɗan yi sanyi da safe, iyaye su ce an samu sauƙi, da dare zafin ya dawo. Kafin a iso, jini ya ƙare, tafin hannu ya yi fari, wani yana jijjiga. Da an kawo shi ranar farko, gwajin ɗigon jini na minti 15 zuwa 20 da maganin kwana 3 sun isa. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, kada a kwana. Idan kuma yana jijjiga, ko ya kasa tsotso ko shan ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana sauri ƙirji na faɗawa, a tashi nan take ko da tsakar dare ne.

Haka ma zawo. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ruwan ganye ba ya mayar da gishirin da ya fita. A dama ƙunshin gishiri da sukari na likita a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Idan akwai jini a zawon, ko idanu sun faɗa, a kawo shi.

Ga manya kuma, ciwon ciki mai tsanani wanda ya zo farat ɗaya, ko ciki ya yi tauri kamar katako, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ciwon cikin da ya wuce mako biyu ana ramewa, duk ba na shan ganye ba ne. Wasu daga cikinsu aikin tiyata ne, kuma kowace awa da aka ɓata a gida tana ƙara wahalar aikin.

Za ka ji ana cewa wanda ya shuka na'a-na'a a bakin ɗaki sauro ba ya shiga. Tsiron da ke tsaye a daro ba ya fitar da ƙamshin da zai kori sauro, ko an murza ganyen an shafa a jiki ma ƙarfinsa ba ya daɗewa. Ku kwana cikin gidan sauro kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, ki tabbata yaronki ya sha na ranar farko a gabansu, ki kuma ba shi na kwana biyun da suka rage a gida, kowane wata har a gama.